Sararin samaniya ne ke tona asirin katin zanen mafarki

Masu zanen Suriyalizim, wato salon zane mai kama da mafarki, irin su Salvador Dalí da René Magritte, suna zana abin da ba zai yiwu ba, amma da santsi da tsafta kamar hoton kyamara. Shi ya sa mayar da aikinsu ƙaramin kati yake da wuya. Da zarar bugu ya yi kaushi, mafarkin ya watse.

Kafin ka sayi kati, fara duba samaniya. A zanen Dalí na agoguna masu narkewa, na 1931, shuɗi yana sauka a hankali har ya koma rawaya a bakin teku. Bugu marar kyau yakan yanyanka wannan saukar ta zama layi-layi, yawanci saboda an matse fayil ɗin fiye da kima. Sai launin kansa: allon kwamfuta da haske yake aiki, injin bugu kuwa da tawada huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, waɗanda ake kira CMYK. In jar tawada ta yi yawa a cikin shuɗi, samaniyar Magritte sai ta koma ruwan goda.

Daga nan ka gangara wurin duhu. A kusurwar hagu ta ƙasa ta zanen Dalí ɗin akwai agogon da tururuwa suka rufe. Sa madubin ƙara girma: ya kamata ka ga kowace da ƙafafunta. Idan jimillar tawada huɗun a wuri ɗaya ta wuce kashi 300 cikin ɗari, duhun yakan cushe, ya ƙi bushewa, har ya ɓata bayan katin da aka ɗora masa.

Takarda ta zama mai nauyin giram 300 zuwa 350 a kowace murabba'in mita, marar asid, don kada ta yi ja da daɗewa. Fuska ɗaya kawai za a yi wa shafen santsi. A bar bayan yadda biro zai kama. Ni dai ina ganin leda mai ƙyalli zalunci ce ga zane mai duhu, domin fitilar ɗaki za ka riƙa gani maimakon zanen.

Abin da ya fi ban haushi shi ne yanka. Zanen agogunan santimita 24 ne da 33, katin A6 kuma milimita 105 da 148, fasalinsu bai zo ɗaya ba. Mai gaggawa sai ya datse gefe don ya cika katin. A bar farin baki kewaye, a buga da ɗigo 300 a kowane inci, kuma a duba gwajin farko a hasken rana kafin a saki inji.