Tsinken tsintsiya a littafin Kyaftin

Asabar, da dare.

Tun da hantsi na isa Tudun Wadar Kaduna, domin Inna ta kira ni bayan sallar asuba ta ce Kawu ya kwana yana cigiyata. Gabana ya faɗi, na tare Keke Napep ko karyawa ban yi ba, amma da na shiga ɗakin sai na same shi a kishingiɗe, an tokare masa baya da matasai biyu, rediyonsa na gefe yana magana ƙasa-ƙasa. Na durƙusa na ce, "Kawu, ya ƙarfin jiki?" Ya ce da sauƙi, amsar da bai taɓa canzawa ba tun ranar da likita ya ja mu gefe ya shaida mana cewa ciwon dajin ya riga ya kai ƙashi. Ashe ba wani abu ne ya sa yake nemana ba illa akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, wanda rabon da a buɗe shi tun ina makarantar sakandare.

Da na sunkuya zan jawo akwatin, hannuna ya ci karo da wata babbar leda, na leƙa ciki, na ga ƙulle-ƙullen magani sun fi goma, wasu gari, wasu saiwa, wasu a cikin robar ruwa, kuma babu wanda aka kwance a cikinsu. Na ɗago na dubi Kawu, ya kawar da kai zuwa taga, ni ma na mayar da ledar inda na same ta ban ce uffan ba.

Akwatin cike yake da littattafan zane, waɗanda su Kawu ke kira komik, da ya riƙa saye hannun masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titin Ahmadu Bello, a zamanin da yake karɓar albashi a masaƙa a Kakuri. Warin kafur ya daki hancina, takardun sun yi ja kamar an jiƙa su a ruwan shayi, gara kuma ta ci gefen wasu. Akwai 'yan kwafin Powerman, jarumin da turawan Ingila suka zana shi baƙin mutum domin kasuwar Najeriya daga 1975, amma ba shi Kawu yake so ba. Ya ce in tona har ƙasa, zan ga wani mai faɗi wanda aka zana ƙwarangwal a bangonsa yana rungume da wani mutum a cinya. Na san shi sarai, domin ina yaro bangon nan ya hana ni barci.

Labarin mutuwar Kyaftin Marvel ne, wanda Jim Starlin ya rubuta ya kuma zana, kamfanin Marvel na Amurka ya fitar da shi a 1982 a matsayin na farko cikin jerin manyan littattafansa na zane. Jarumin, wanda sunansa na yanka Mar-Vell, ya fara fitowa a 1967 a matsayin hafsan sojan wata al'umma ta sararin samaniya mai suna Kree. An turo shi leƙen asirin mutanen duniya, sai ya koma ɓangarensu, danginsa suka sa masa sunan maci amana. A wani labari na 1974 ya kara da wani mugu mai suna Nitro, wanda ya saci tukunyar iskar guba, tukunyar ta fara yoyo, jarumin ya toshe ta da hannunsa ya ceci jama'a, aka ba shi makari ya miƙe, kowa ya manta. Bayan shekara takwas marubucin ya waiwayi wannan ƙaramin al'amari ya ce gubar nan ba ta fita ba, ita ce ta zama masa ciwon daji. Har ma munduwayen da ke hannunsa, waɗanda suke ba shi ƙarfi, su ne suka danne cutar na tsawon lokaci, kuma su ne suka sa ta ƙi jin magani, ga shi in ya cire su ba zai daɗe ba.

Dole in faɗi abin da ya daɗe yana ba ni haushi game da waɗannan jarumai, wato ba sa tsufa, kuma mutuwarsu wasa ce. Superman ya fito a 1938, Batman a 1939, amma har yau samari ne masu baƙin gashi, alhali yaran da suka fara karanta su sun zama kakanni, da yawa ma sun riga mu gidan gaskiya. An kashe Superman a ƙarshen 1992, jaridun duniya suka ɗauka, mutane suka yi layi suna saye, a 1993 sai ga shi ya dawo da ƙafarsa. Akwai littafin 1986 da ya nuna Batman yana da shekara 55, gaɓoɓi sun fara ciwo, amma shi ma mutuwar ƙarya ya yi a ƙarshe. Kasuwa ce ba ta yarda a binne kazar da ke yin ƙwai. Wannan na hannun Kawu ya bambanta da su, domin an kwantar da jarumin a gado, ya rame, numfashi ya gagare shi, aka kuma bar shi a kabarinsa, sunan ya koma kan wasu, har ya kai ga macen da yaran yanzu suka sani a fim ɗin 2019. Mahaifin marubucin ma ciwon daji ne ya yi ajalinsa, kuma duk wanda ya taɓa jinya zai gane haka daga yadda aka zana hannun majinyacin a kan bargo.

Idon Kawu ya yi yana, ba ya iya karanta ƙananan rubutun da ke cikin kumfar maganar, saboda haka ya ce in jira 'yan majalisa su zo, in riƙa karantawa ina mayar musu da Hausa. Su uku ne suka rage daga cikin waɗanda suka yi samartaka tare, kuma tun da ya kwanta suka ɗauke majalisarsu daga gindin dalbejiyar ƙofar gida suka dawo da ita ɗakinsa. Kyaftin suke kiransa, ba don littafin ba, sai don shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon sashensu a masaƙa, lokacin da yake iya saɓa dilar yadi shi kaɗai.

Baba Tela ne ya fara isowa bayan azahar, riƙe da kaftani a naɗe cikin jarida. Ya miƙa wa Inna ya ce ga wankin nan, ya kuma karɓi wani. Na daɗe da lura cewa ba wanki yake kaiwa ba. Kowane mako yakan tafi da riga ɗaya, ya farke ta, ya rage wuya da kafaɗa da hannu, ya mayar da ɗinkin yadda ba za a gane ba, don kada Kawu ya sa kaya ranar Juma'a ya ga suna yawo a jikinsa. Kawu ya shafa wuyan kaftanin da ɗan yatsa, daidai inda sabon zaren yake, ya ce, "Mai wankin nan naka ya iya guga." Baba Tela ya ce ai tsohon hannu ne.

Bayansa sai Baba Direba, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, ya shigo da sallamarsa mai ƙarfi da wani sabon ƙulli a aljihu. Ya ce wani mutum ne ya ba shi a Kasuwar Barci, a jiƙa a sha safe da yamma, an gwada a kan wani tsoho ya tashi. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka, ya tambayi ko da ruwan ɗumi ake sha ko na sanyi, ya sa aka maimaita masa ƙa'idar har sau biyu. Ni da na san inda ƙullin zai kwana sai na sunkuyar da kai ina gyara shafukan littafi. Na ƙarshe Baba Makaniki ne, wanda yake tahowa daga Sabon Tasha. A da maƙwabcin su Kawu ne, katanga ɗaya, sai rikicin 2000 ya raba garin nan gida biyu, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙetaren kogi kamar yadda dubban mutane suka yi ta kowane ɓangare. Duk Asabar yakan hau mota biyu ya tsallako gada, da sukundireba a aljihun gaba, ya kwance bayan rediyon Kawu ya hure ƙura ya mayar, ko da kuwa rediyon lafiyarsa lau.

Na fara karatu. Wurin da jarumin yake ɗaukar tarihin rayuwarsa a na'ura bai ja hankalinsu ba, Baba Direba ma har ya yi gyangyaɗi. Amma da aka zo inda ya shaida wa amininsa Rick Jones cewa kwanansa ya ƙare, saurayin ya fusata ya fice, sannan masanan cikin jaruman, irin su Reed Richards, suka duƙufa neman magani dare da rana suka kasa, sai ɗakin ya yi tsit. Baba Direba ya gyara zama ya ce, "To, su da suke zuwa wata duniyar su dawo, ciwo ɗaya ya gagare su?" Kawu ya ce, "Ai sun yi ƙoƙari, kuma shi ma ya ga ƙoƙarin." Bai dubi kowa ba da ya faɗi haka.

An kai majinyacin Titan, ɗaya daga cikin watannin duniyar Saturn, inda matar da yake ƙauna take, jaruman kuma suka yi ta zuwa dubiya ƙungiya-ƙungiya, sanye da tufafinsu masu launi, suna tsaitsaye a bakin gado ba su san inda za su sa hannuwansu ba. Spider-Man, wanda ko a tsakiyar faɗa bakinsa ba ya rabuwa da zolaya, ya kasa jurewa ya fita daga ɗakin. Baba Tela ya ce wannan bai kyauta ba, ba a nuna wa marar lafiya karaya, in hawaye ya zo maka sai ka ce hayaƙi ne. Baba Makaniki ya ce a'a, gara wanda ya zo ya kasa zama da wanda ya zauna a gida yana aiko gaisuwa. Suka ɗan ja maganar kamar yadda suka saba jan zancen ƙwallo, Kawu yana murmushi, ya bar su.

Wurin da ya fi taɓa ni yau shi ne inda wani janar na Skrull, al'ummar da jarumin ya ƙare ƙuruciyarsa yana yaƙa, ya zo har bakin gado ya ba shi lambar girmamawa, yayin da danginsa na Kree ba su turo ko da ɗan aike ba. Ina cikin fassarawa na tuna da ƙanin Kawu da ke Kano, tafiyar da ba ta wuce awa uku zuwa huɗu ba, wanda wata na biyar ke nan sai waya. Na yi saurin wuce shafin, amma Kawu ya ce in koma in sake karantawa a hankali. Na sake. Inna da ke bakin ƙofa tana tsince shinkafa ta tashi ta koma madafa.

Da aka kira la'asar, su Baba Tela suka fita alwala, Baba Makaniki kuma, wanda Kirista ne, ya miƙa hannu kan taga ya ɗauko dutsen taimama ya riƙe wa Kawu, sannan ya juya masa matashin ya fuskanci alƙibla, ya fita tsakar gida ya zauna a kan turmi har aka idar. Babu wanda ya gaya masa, kuma daga yadda hannunsa ya je wurin dutsen kai tsaye na san ba yau ya fara ba.

Ina yaro na ɗauka littafin labarin abokai ne da suka taru suna lallashin mai mutuwa. Yau da na karanta shi da babbar murya a wannan ɗaki na ga yawancin aikin lallashin majinyacin ne yake yi. Shi ne ya karɓi saurayin da ya yi fushi suka yi sulhu, shi ne ya roƙi wani amininsa ya kula da matar da yake ƙauna bayan ransa, shi ne yake karɓar baƙi yana sauƙaƙa musu tsayuwar. Na dubi Kawu, wanda ƙashin kafaɗarsa ya fito ta cikin rigar da aka rage, yana tambayar Baba Direba ko maganin nan ana haɗa shi da zuma, yana ce wa Baba Makaniki rediyon ya fi fita tun da ya taɓa shi, na rasa wane ne yake jinyar wani.

Saura shafuka kaɗan a gama. Na san abin da ke cikinsu, inda jarumin ya shiga suma, tsohon abokin gabansa Thanos ya zo masa a mafarki ya raka shi wurin mutuwa, wadda suka zana a siffar mace. Wannan zanen ba namu ba ne, mu da muka san Mala'ikan Mutuwa da tambayar kabari, kuma ina ta tunanin yadda zan faɗe shi a gaban dattawa ba tare da na yi saɓo ba. Kawu ne ya raba ni da wahalar. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, tsaya nan. Ragowar sai Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu." Baba Direba ya ce haba Kyaftin, shafi nawa ya rage, a ƙarasa mana. Kawu ya ce wanda yake son jin ƙarshen ya zo da ƙafarsa, kuma kada kowa ya tambayi yaron nan a waje.

Na fita tsakar gida na zaro tsinke ɗaya daga tsintsiyar Inna na sa a shafin, na ajiye littafin kusa da rediyo, ban mayar da shi akwati ba. Na raka Baba Makaniki bakin titi domin yana son ya tsallake gada kafin duhu. Muna tsaye muna jiran mota ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko mutumin nan na cikin littafi ya sha wahala a ƙarshe. Na ce Kawu ya hana ni faɗa. Ya yi dariya, ya taɓa aljihunsa, ya ce ya manta sukundirebansa a kan gado, amma in bar shi can, zai ɗauka ranar Asabar.