Sana'ata Gyara Wa Mutane Shirgin Gida

Duk wanda na faɗa wa cewa sana'ata tsara gidaje, shara da goge-goge yake fara kawowa a ransa. Aikin ya wuce nan. Ni da ma'aikatana uku, mata biyu da saurayi ɗaya mai ɗaga mana kaya masu nauyi, ana kiranmu ne idan kaya sun fi ƙarfin masu gida: sito ya cika har ƙofarsa ba ta buɗuwa sosai, ko za a tashi zuwa gidan da bai kai na da girma ba, ko kuma mutum ya gaji da neman makullin mota kowace safiya. Shekarata shida ke nan a kai.

Ba na yanke kuɗin aiki ta waya. Sai na je na gani da idona, in auna kabad da kanta, in ɗauki hoto da izinin masu gida, sannan mu yi jinga a ba ni kafin alƙalami. Abu na farko da nake roƙo kuwa shi ne kada a sayi komai kafin mu zo. Mutane suna ɗokin sayo robobi da kwanduna masu kyau, suna ganin su ne maganin. Sau da yawa robobin nan su ma shirgi suke zama. Sai an san abin da ya rage kafin a san mazubin da yake bukata.

Ranar aiki, komai fito da shi muke yi mu zube a tsakar ɗaki, kowane iri da irinsa. A nan ne idon mai gida yake buɗewa. Akwai wata baiwar Allah da muka tara mata almakashi bakwai, cajar waya goma sha ɗaya, da fakitin batir uku da ba a ko buɗe ba, har sun tsiyaye sun ɓata aljihun tebur. Ta tsaya tana kallo, ta riƙe haɓa, ta ce, "Wallahi makon jiya ma na aika aka sayo wani almakashin." Na ce, "Ranki ya daɗe, ba almubazzaranci ba ne, rashin wurin ajiya ne." Na ba ta biro da takarda ta rubuta duk abin da ta saya sau biyu ko uku, ta sa kuɗinsa a gefe da kanta. Ban tambaye ta jimilla ba, amma na ga fuskarta lokacin da ta gama haɗawa. Abin da mutum bai san inda yake ba, tamkar ba shi da shi ne, kuma aljihunsa ne yake biyan wannan rashin sanin.

Tsarin da nake bi ba ni na ƙirƙiro shi ba. Daga masana'antun Japan ya fito, musamman kamfanin Toyota, ana kiransa 5S saboda kalmomin Japananci biyar da suka fara da harafin S. Ma'anarsu a taƙaice: ware abin bukata daga wanda ba a bukata, ba kowane abu mazauninsa, tsabtace wurin, kafa ƙa'ida, sannan a ɗore a kai. A masana'anta har zanen siffar kowane sifana suke yi a jikin allo, don da an ɗauke shi a ga gurbinsa. Mu ma haka muke yi a gida da ɗan rubutu a jikin kanta. Suna kuma da wata dabara da na fi so: kayan da ake shakkar amfaninsa sai a maƙala masa jar takarda mai kwanan wata, a kai shi gefe. Ni kwali nake amfani da shi. A zuba kayan shakka, a liƙe, a rubuta ranar. Idan wata uku ta cika ba a buɗe ba, mai gida da kansa yake yanke hukunci, ba tare da na ce uffan ba.

Wahalar aikin ba a ɗaga kaya take ba, a rabuwa da su take. Kusan kowa zai ce mini ajiya maganin wata rana. Gaskiya ce, kuma ba na musu da ita. Sai dai nakan tambaya, in ranar ta zo, za ki iya gano shi cikin minti biyu? Ajiyar da danshi da gara suka riga mai ita, ba ta maganin kowace rana. Masana halayyar kuɗi sun daɗe da lura da wannan maƙo. A wani gwaji da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka wallafa a 1990, an raba wa rabin ɗalibai kofuna kyauta a wata jami'a a Amurka, aka ce su sayar wa sauran. Waɗanda suka riƙe kofin na ɗan lokaci kaɗan sai suka nemi kuɗi wajen ninki biyu na abin da masu saye suka yarda su biya. Da abu ya zama naka, darajarsa ta ƙaru a idonka. Shi ya sa ni nake ɗaga kayan in nuna daga nesa kaɗan, ba na miƙa wa mai shi. Idan ya shiga hannunsa, da wuya ya fita.

Wani darasin kuma da hawaye na koye shi. A shekarata ta farko, muna gyara wa wani dattijo ɗakin karatu, na haɗa wata tsohuwar ambulan da tarin rasit na zuba a shara. Ashe wasiƙar marigayiyar matarsa ce a ciki. Allah ya taimake ni ba a kwashe sharar ba, muka zazzage buhu huɗu har muka same ta. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya yafe, amma hannunsa na rawa lokacin da ya karɓa. Tun daga ranar, ba ma zubar da ko tsinke sai mai shi ya gani ya ce a zubar, kuma takarda ko wace iri ce ba mai taɓa ta sai ni.

Takardu ma su ne inda tsarin gida yake haɗuwa da tsarin kuɗi. Nakan raba su uku: na dindindin kamar takardar haihuwa da shaidar karatu da ta mallakar gida, a jakar da ruwa ba ya ratsawa, a kuma ɗauki hotonsu a waya, masu wa'adi kamar rasit ɗin kayan da ke da garanti, sai na biyan wata-wata, waɗanda ya kamata su zauna inda ido yake kai wa kullum. Ga wanda ya nuna sha'awa, ina nuna masa yadda ake riƙe littafin kuɗin gida irin na Japanawa, kakeibo, wanda 'yar jarida Hani Motoko ta fito da shi a 1904. A farkon wata ka rubuta abin da zai shigo, ka cire abin da za ka ajiye tun kafin ka fara kashewa, sannan duk dare ka rubuta abin da ya fita da hannunka. Ni ma da shi nake tafiya. Asusun kamfani daban, nawa daban, albashi nake yanka wa kaina kamar sauran ma'aikata, don na taɓa ganin yadda uwar kuɗi take narkewa idan aljihu ɗaya ne.

Bayan wata uku ina komawa kowane gida, kyauta. Da yawa nakan tarar wani ɓangare ya koma yadda yake, kuma hakan yana nuna mini inda na kuskure. Idan takalma sun sake taruwa a bakin ƙofa, to kantar da na sa ta yi nisa, sai mu matso da ita inda ƙafa ta saba tsayawa. Yara kuwa ba sa buɗe murfi su rufe, don haka kwandonsu a buɗe yake, a ƙasa. Gidan mai almakashi bakwai ɗin nan da na koma, ƙusa ɗaya na ƙara mata a bayan ƙofar ɗaki saboda makullai. Kwalin shakkarta na nan a liƙe yadda muka bar shi, ta ce in taya ta saka shi a mota, akwai waɗanda ta riga ta yi wa alkawarin kayan.