Abin da wata Pajero ta koya mini kafin in bar gareji

A ƙarshen watan nan zan kwashe akwatin kayan aikina in bar garejin da na shiga ina yaro mai wanke ƙarafa da kananzir, kuma na ga ya kamata in bar wa ƙannena da ke can wani abu a rubuce game da shirya mota don shiga sahara, musamman motar da ba irin wadda kowa yake hawa ba. Duk wanda ya taɓa zuwa Agadas ya san cewa Toyota ce sarauniyar wannan yanki. Land Cruiser mai lamba 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, da injinta 1HZ mai silinda shida da lita 4.2, ita ce abin da direbobi da makanikai da masu sayar da kayan gyara suka sani, sai kuma Hilux. Wanda ya shiga can da wata mota dabam ya shiga shi kaɗai, ko da a tsakiyar ayari yake tafiya.

Shekarun baya, kafin rufe iyakokin Najeriya na ƙasa da aka yi a 2019, wani Alhaji ɗan kasuwa ya kawo mana Mitsubishi Pajero 'yar Kwatano, ƙirar da aka yi tsakanin 1991 da 1999, mai injin dizal 4M40 na lita 2.8. Nufinsa ya bi ta Damagaram da Tanut ya isa Agadas, daga nan ya shiga duwatsun Ayar har Timiya tare da abokansa. Hujjarsa ta zaɓen motar ita ce Pajero ta ci tseren motoci na sahara da ake kira Dakar, kuma gaskiya ya faɗa, domin ta ci sau 12, na farko a 1985, a zamanin da tseren yake ratsa Nijar. Abin da bai lura da shi ba shi ne motocin tseren nan suna tafe ne da rundunar makanikai da manyan motoci cike da kayan gyara a bayansu, shi kuwa daga shi sai jaka da safayar taya.

Ni aka danƙa wa aikin, na kuma rubuta abin da nake ganin motar tana buƙata. Na farko sabon lagireto da famfon ruwa da robobinsu gaba ɗaya, tare da mayar da tamostat ɗin da wani ya cire, wato abin da ke daidaita zafin injin, domin sanannen abu ne cewa saman wannan injin, wanda muke kira tof silinda, yakan tsage idan zafi ya wuce masa misali. Na biyu shokozoba masu ƙarfi ba tare da an ɗaga motar sama sosai ba. Dalilina shi ne gaban Pajero ba aksul guda ne miƙaƙƙe irin na Land Cruiser ba: kowace ƙafa tana motsi ita kaɗai a kan sandar ƙarfe mai murɗawa, kuma shaf ne mai gaɓoɓi yake kai mata ƙarfin injin. Idan aka ɗaure sandunan nan don gaba ya tashi, shaf ɗin zai riƙa juyawa a karkace, robar da ke tsare masa girisi za ta yage, yashi ya shiga, sannan ƙafar ta rasa sararin da za ta sauka idan mota ta faɗa rami. Na uku kuwa, na nemi a saya masa shaf guda na ajiya da fanbel da matatun mai ya tafi da su.

Oga ya karɓi takardar ya duba, sai ya ce da ni a gaban yara: “Kai, wa zai ga lagireto? Alhaji so yake idan ya fito da mota a san ya kashe kuɗi.” Na ce, “Oga, ranka ya daɗe, wannan ba Land Cruiser ba ce, abin da muke yi wa waccan ba zai karɓi wannan ba.” Ya ce tun kafin a haife ni yake ɗaga motoci. Da hannuna, bisa umarninsa, na ɗaure sandunan har kusan ƙarshe, aka sa tayoyi masu inci 33 a madadin na asali da ba su wuce 31 ba, mai walda ya ƙera katon ƙarfen gaba wanda ya tare kusan rabin iskar da ke shiga lagireto, aka kuma jera jarkokin mai a kan kariyar sama. Lagireton kuwa wanke shi kawai aka yi da ruwa aka mayar, kuɗin shaf na ajiya ya tafi a fitilu.

Abin da ya faru a hanyar Timiya ya biyo juna ne kamar yadda aka tsara shi. Hanyar duwatsu ce da ƙoramu busassu masu yashi, kuma a kan duwatsun ne shaf ɗin dama ya karye. Daga nan motar ta koma tafiya da ƙafafun baya kaɗai, ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinta, da tayoyin da suka ƙara wa injin wahala a kowace giya, sai ya zama a duk ƙoramar da suka shiga dole direba ya taka mai har ƙasa. Allurar zafi ta hau, ruwa ya tafasa, tof silinda ta tsage. Wata Land Cruiser ce ta jawo su zuwa Agadas, inda aka zagaye masu kayan gyara ba a sami ko shaf ko gasket na wannan injin ba, sai daga Kano aka nemo a Ƙofar Ruwa aka aika. Allah ya kiyaye, babu wanda ya rasa ransa, amma da a cikin saharar Tenere abin ya faru, a hanyar Fashi ko Bilma inda mutum zai yi tafiya mai nisa bai ga rijiya ba, da labarin ya zama wani daban.

Da Alhaji ya dawo, ina tsaye Oga ya ce masa, “Alhaji, ka yi haƙuri, yaron nan na ba aikin, ashe hannunsa bai nuna ba.” Aka zaftare mini kuɗin aiki na wani lokaci, aka kuma daina ba ni manyan motoci. Takardar da na rubuta tana cikin durowarsa, shi ya sani, ni na sani, yaran da suka ji musunmu su ma sun sani, amma ba wanda zai buɗe baki a kan maigidansa, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na yi shekaru ina jin ana ba sababbin yara wannan labari a matsayin misalin gangancin makanike.

Daga nan ne na koyi cewa duk shawarar da ta shafi ran mutum, a gaban mai mota ake faɗinta, a kuma rubuta ta kofi biyu, ɗaya ya zauna a aljihun wanda ya rubuta. Girmama na gaba wajibi ne a sana'armu, amma mai mota shi zai kwana a jeji, saboda haka yana da haƙƙin ya ji ra'ayoyin biyu ya zaɓa da kansa. Na kuma koyi cewa kafin a taɓa motar da ba a saba gani ba, sai a fara tambayar inda za ta je da abin da ake iya samu a can, sannan a ware kuɗin kayan ajiya tun kafin a yi maganar ado.

Sauran darussan gajeru ne. Nauyi ƙasa ake sa shi, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, domin lita 20 na ruwa kilo 20 ne, kuma jarkoki a saman mota su ne suke kifar da ita a gefen tudun yashi. Rage iskar taya zuwa kusan rabi yana fitar da mota daga yashi fiye da ƙara girman tayar, muddin akwai famfon da za a mayar da iskar kafin a hau duwatsu. Motar da aka gama shiryawa a gwada ta da cikakken lodinta a rana tsaka kafin a miƙa makulli.

Bayan wani lokaci Alhaji ya gano yadda abin ya kasance ta bakin makaniken Agadas da ya kwance injin, ya kuma kawo mini motar har gida ba tare da ya bi ta gareji ba. Na sassauta sandunan, na mayar da tayoyi masu inci 31, na yanke ƙarfen gaba don iska ta samu hanya, na sa sabon lagireto, na ɗaure masa shaf na ajiya a ƙarƙashin kujerar baya. Da ita ya je bikin gishiri na Ingal a watan Satumba, ya zarce Timiya ya dawo Kano ba a buɗe bonet ba sai don duba baƙin mai. Oga ya ji labarin, kuma har yau bai janye abin da ya faɗa a kaina a gaban Alhaji ba.