Gwajin tsani da zaman baƙunta: abin da ɗan Maradi zai tarar a filin harbi na Amurka

A gida, idan aka ambaci bindiga, abu uku ke zuwa ran mutum: jandarma a bakin hanya, 'yan bindigar da suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, sai kuma maharbi da tsohuwar harba-ka-rugarsa. Shi ya sa ɗan Maradin da ya sauka a Amurka, musamman a garuruwa irin su Girinsboro ta jihar Karolina ta Arewa inda 'yan Nijar suke da yawa, yakan yi turus ranar da abokin aikinsa ya gayyace shi filin harbi ranar Asabar. A can harbin saiti wasa ne mai ƙungiyoyi da gasa, kamar yadda kokowa take a wajenmu. Tsofaffin da suka yi ritaya ne suka fi cika filin, kowa da littafin lissafinsa, kuma wuri ne da baƙo kan samu abokai fiye da yadda zai samu a wurin aiki.

Kafin hannu ya taɓa komai, a duba takarda. Dokar tarayyar Amurka ta haramta wa wanda ba shi da izinin zama ya riƙe bindiga ko harsashi. Mai bizar karatu ko ta ziyara shi ma haramcin ya hau kansa, sai dai in ya shiga cikin 'yan keɓe-keɓen da doka ta yi, kamar mallakar lasisin farauta mai aiki. Mai girin kat, wato katin zaman dindindin, yana iya saye: zai cike fam mai lamba 4473 a shagon dillali, a bincika sunansa a rumbun bayanan FBI. Wurin da sababbin zuwa ke faɗawa rami shi ne ma'anar kalmar harsashi a dokar. Kwanso, da albarushi, da ƙwayar harsashi, da firama mai kunna wuta, kowanne shi kaɗai harsashi ne a idon doka. Jihohi kuma suna ƙara nasu sharuɗɗan. Laifin makami yana iya cinye takardar zaman mutum gaba ɗaya, saboda haka kuɗin ganin lauyan shige da fice na sa'a guda ba asara ba ne.

Masu neman saiti na gaske ba su cika dogara da harsashin kanti ba, da hannunsu suke ɗurawa. Abu huɗu ake haɗawa: kwanson tagulla, firama (ɗan maɓallin gindin kwanso da allura ke sara ya kunna wuta), albarushi, da ƙwaya. Wanda ya tashi da giram da mita sai ya sake koyon awo. Albarushi da giren ake auna shi, giren ɗaya kuwa giram 0.0648 ne, guda 7,000 ke cika fam ɗaya na awon nauyi. Nisa da yadi, wato mita 0.914. Gudu da ƙafa a daƙiƙa: ƙafa 2,700 kusan mita 823 ke nan. Warwatsuwar harbi a allo kuma da MOA, ma'aunin kusurwa, wanda ɗaya yake daidai da inci 1.047 a yadi 100, ko santimita 2.9 a mita 100.

Tambayar kowane mai ɗuri ita ce albarushi nawa wannan bindigar take so. Hanyar da aka fi sani ita ce gwajin tsani, wadda ake dangantawa da wani gwanin harbi Ba'amurke, Creighton Audette. Ana ɗura harsashi goma zuwa ashirin, kowanne ya ɗara na bayansa da giren 0.2 ko 0.3, daga ƙasan abin da littafin kamfanin albarushi ya rubuta zuwa iyakarsa. A harba su ɗaya bayan ɗaya a allo guda, a nisan yadi 300 ko fiye, ana saita wuri ɗaya. Don a gane ramin kowanne, wasu kan shafa wa ƙwayar tawadar maka mai launi daban-daban, launin ya fito a gefen ramin. Ramukan sukan hau sama yayin da albarushi ke ƙaruwa, amma sai a ga uku ko huɗu a jere sun taru a tsayi ɗaya. Wannan taron shi ake kira gaɓa, a ce a nan girgizar bututu ta daidaita, a ɗauki na tsakiya. Daga baya Scott Satterlee ya shahara da gajeruwar hanya: harbi goma ta gaban na'urar auna gudu, a nemi inda gudun ya daina hawa ko da an ƙara albarushi. Dan Newberry kuma yana da tasa, ta harbi uku-uku a yadi 100 ana zagayawa tsakanin alluna.

A nan ne lissafin da muka koya a lakwal yake da amfani. Ɗauki 6.5 Creedmoor, harsashin da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, wanda zai yi wuya ka je filin saiti ba ka gan shi ba. Da ƙwaya mai giren 140, ƙarin giren ɗaya na albarushi yakan ƙara gudu da wajen ƙafa 60 a daƙiƙa. Matakin giren 0.2 ke nan ƙafa 12 ne kawai. To amma ko ka ɗura harsasai ashirin iri ɗaya sak, ba za su fita da gudu ɗaya ba. Ma'aunin wannan bambanci shi ne lambar da na'ura ke nunawa da haruffan SD, kuma ɗuri mai kyau yakan ba da wajen 10. Idan kowane harbi yana lilo da 10, bambancin harbi biyu yana lilo da wajen 14. Mataki 12, lilo 14. Ma'ana, sau ɗaya cikin biyar harsashin da ya fi albarushi zai fito da gudu daidai da na bayansa ko ma ƙasa da shi, ba tare da wani dalili ba sai sa'a. Tsani mai harbi goma yana da tazara tara. Da wuya ka harba shi ba ka ga wurin da ya kwanta ba, kuma idan ka maimaita gobe, kwanciyar ta koma wani mataki.

Allon ma haka yake. A yadi 300, bambancin ƙafa 10 a gudu yana ɗaga rami ko ya sauke shi da kusan rabin santimita. Tsanin gaba ɗaya, daga matakin farko zuwa na goma, ƙafa ɗari da 'yan kai ne, wato hawan santimita biyar ko shida. Bindiga mai kyau da ke harbin kashi uku cikin huɗu na MOA, a wannan nisan tana warwatsa harbinta cikin santimita shida ko da ɗurin bai canja ba. Duk tsanin ya shige cikin warwatsuwar da bindigar ke yi da kanta. Ramuka uku da suka haɗa kai a irin wannan yanayi ba hujja ba ne. Kamar mai sayen gyaɗa ne a Babbar Kasuwa ya zura hannu ya zaro ƙwaya uku, ya yanke wa buhu hukunci.

Injiniyoyin Hornady sun yi gwaje-gwaje da harbi masu yawa a kowane mataki, masanin tafiyar harsashi Bryan Litz na kamfanin Applied Ballistics shi ma ya daɗe yana jan kunne kan ƙaramin samfuri. Abin da ke fitowa idan aka yawaita harbin shi ne gudu yana hawa kusan a miƙe tare da albarushi, kwanciyar nan ta ɓace. Girgizar bututu gaskiya ce, ba wanda ya musa, kuma masu gasar dogon zango da yawa suna nan kan bakansu cewa suna ganin gaɓa a yadi 600 zuwa 1,000, inda a yadi 1,000 ƙafa 10 ke zama wajen santimita bakwai. A ganina ba a raina maganarsu. Sai dai harbi ɗaya a kowane mataki ba zai iya raba girgiza da sa'a ba.

To me tsanin yake faɗa da gaske? Abu biyu. Na farko, karkatar layin: jera gudun a takarda, ka ja layi madaidaici ta tsakiyarsu, ka ga ƙafa nawa kowane giren ke ba ka a bututunka. Maki goma sun isa wannan aikin, domin dukansu ke taruwa su ba da amsa ɗaya. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, inda matsi ya fara yawa. Iyakar da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera makamai da harsasai a Amurka, ta sa wa harsasan 6.5 Creedmoor da .308 Winchester ita ce psi 62,000 a ma'aunin matsi, kuma da wuya a samu mai auna wannan a gida. Alamu ake bi. Bayan kowane harbi a ɗauki kwanson a duba gindinsa da madubi mai ƙara girma: ɗan zagaye mai sheƙi inda tagulla ta matsu cikin ramin abin tunkuɗo kwanso, firama da ta baje har gefenta ya rasa lanƙwasa, ko baƙin hayaƙi a kewayenta. Hannun sakatar bindiga da ya yi nauyin ɗagawa alama ce babba. Da an ga ɗaya daga ciki an gama, sauran harsasan da ke sama a kai gida a warware su. Firama ita kaɗai takan yi ƙarya, don wasu kamfanoni tasu ta fi laushi. Abin tsoron shi ne alamun nan sukan makara, sai matsi ya riga ya wuce iyaka suke bayyana. Gudu ya fi su gaskiya. Idan na'urarka ta nuna ka kai gudun da littafi ya rubuta a iyakarsa, bayan ka yi la'akari da tsawon bututu, to ka kai matsin iyaka ko da ma'auninka ya ce da sauran giren ɗaya. Lambar littafi ba a tsallake ta, kuma ba a karɓar lambar ɗuri daga bakin maƙwabcin benci.

Bayan tsani sai a zaɓi ɗuri biyu ko uku da ke ƙasa da iyaka sosai, a ɗura ashirin-ashirin. A harba su ana cakuɗawa, ɗaya daga wannan ɗaya daga wancan, don zafin bututu da sauyin iska su rabu daidai a kansu. Da harbi biyar, matsakaicin gudu yana iya kaucewa da ƙafa huɗu zuwa biyar. Da ashirin ya sauko wajen biyu. A allo kuma a auna nisan kowane rami daga tsakiyar taron a ɗauki matsakaici, ya fi auna ramuka biyu mafiya nisa, wanda harbi ɗaya tak ke iya ɓatawa. Sau da yawa sakamakon yakan nuna babu wani bambancin kirki tsakaninsu. Idan ɗurin bai yi kyau ba, canja ƙwaya ko irin albarushi ya fi kawo sauyi a kan wasa da giren 0.2. Bututu ma yana da kwanansa, kowane gwaji yana ci daga ciki.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata tsani tun kafin a karanta shi. Sabon bututu yakan ƙara gudu da kansa cikin harbi ɗari zuwa ɗari biyu na farko. Bututun da aka wanke yana jefa harbin farko wani wuri, don haka a zubar da biyu ko uku kafin a fara. Harsashin da ya daɗe a cikin bindigar da ta yi zafi yana fita da sauri. Na'urar MagnetoSpeed da ake ɗaurawa a bakin bututu tana kawar da inda harbi ke sauka, masu aiki da rada kamar LabRadar da Garmin ba sa taɓa bindigar. Ma'aunin da ke kuskuren giren 0.1 ya cinye rabin matakinka. Kawalwalniyar da ke tashi daga ƙasa ko daga bututu mai zafi tana ɗaga allon a cikin madubin saiti. Kwanson kamfanoni biyu ba cikinsu ɗaya ba, sabuwar gwangwanin albarushi mai lambar rukuni daban kuma sai an ɗan ja baya an sake hawa. Sai yanayi, wanda ɗan Maradi ya fi kowa sanin aikinsa: ɗurin da aka gwada cikin sanyin Janairu, kusa da iyaka, yana iya wuce ta a zafin Yuli. A rubuta zafin ranar a gefen kowane gudu.

Dattijon da ya nuna maka gaɓarsa a allo, kada ka tsaya gardama da shi. Shi ne zai ara maka na'ura, shi ne zai tsaya maka idan ƙungiyar tana neman wanda zai gabatar da sabon mamba. Ka karɓi allon da hannu biyu, ka yi naka gwajin na ashirin. Abin da ba sa yafewa shi ne sakaci: idan aka yi kiran tsayar da wuta, a buɗe sakata, a ja baya daga benci, hannu ba ya komawa kan bindiga sai an sake ba da izini.

A gidan haya a karanta yarjejeniya, wasu masu gida sun hana ajiye albarushi. Ƙa'idar kashe gobara da jihohi da yawa ke bi ta tsaya a fam 20 cikin gwangwaninsa na asali da firama 10,000, kuma a raba su wuri daban. Ƙurar wanke kwanso tana ɗauke da dalma. Mu da muke cin tuwo da hannu a kwano ɗaya da yara, sai an wanke hannu da sabulu sosai, kayan fili kuma a wanke su daban.

Jakar da ta taɓa zuwa filin harbi ba ta tafiya gida. Fitar da kayan harsashi daga Amurka sai da lasisi, a Nijar kuwa kwanso ɗaya da ya maƙale a aljihun jaka ya isa ya tsayar da mutum a filin jirgin Diori Hamani na Yamai, ko a shingen jandarma kafin ya kai Maradi, inda babu wanda zai saurari bayanin wasan Asabar. A ware wa tafiya jakarta, a zazzage aljihun riguna da takalma kafin a ɗaure kaya.