Mita 18 a wani ƙauye gaba da Ringim

Jiya da daddare na dawo, har yanzu ƙaurin taya bai bar hancina ba. Wani yaro da ya koyi aiki a garejinmu ne ya kira ni. Ya ɗora wa tsohuwar Marsandinsa 190 injin da ya fi nata ƙarfi, amma da ya saki kuloci sai tayoyin baya su yi ta juyawa wuri ɗaya, hayaƙi na tashi, mota ba ta gaba. "Oga, don Allah ka zo ka gani da idonka."

Na biya Ƙofar Ruwa na sayi shokozoba biyu na hannu. Gaba da Gezawa wani jami'i a shinge ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa, ya ce in kawo rasit, ko amsa sallamata bai yi ba. Na miƙa masa, ya jefo min ta taga. Abin ya ci min rai har Zakirai.

Filin da muka gwada tashin motar tsohon sansanin masu aikin hanya ne, da guntun kwalta da ba mai bi, mai gari kuma ya ba da izini. A Amurka tseren motoci na miƙaƙƙiyar hanya yawanci rubu'in mil ne, mita 402, amma masu gyara sun fi zuba ido a ƙafa 60 na farko, kusan mita 18, don a nan ake gane mota ta kama ƙasa ko ba ta kama ba. Muka auna mita 18 ɗin da igiya, muka kafa dutse.

Iskar tayoyin baya na fara dubawa: geji 40! Haka masu faci ke dura wa kowa, a Kano ma haka ne, ko tambaya ba sa yi. Na rage zuwa 24 don taya ta ƙara shimfiɗuwa. Muka cire shokozoban gaba masu tauri muka sa nawa masu laushi, saboda hancin mota ya ɗaga, nauyi ya koma baya inda take ja. Batir ma muka mayar da shi but, muka ɗaure tam. Saura ƙafarsa. Yana take totur har ƙasa sannan ya fizge kuloci. Na ce ya riƙe allurar juyin inji wajen 2,500, ya saki kuloci da sauri amma ba fizga ba, in ta kama sannan ya ƙara wuta. A gwaji na huɗu ta duƙa ta baya, ta yi ɗan kuka kaɗan, ta wuce dutsen kamar an harba kibiya.

Kawunsa, dattijo mai kiwon dawakin sukuwa, yana tsaye da sandarsa. Ya ce, "Ɗana, ai doki ma da ƙafar baya yake tashi. In ka zabure shi a kan rairayi, tono kawai zai yi." Ban taɓa jin bakanike ya faɗe ta fes haka ba. Ya sa aka yanka mana zabi biyu, ga fura da nono mai kauri wadda a birni ko da kuɗinka sai ka yi yawo. Na ciro kuɗi ya ɓata fuska: "Baƙo ba ya biya a gidan nan."

A Ringim na sayi kwanon riɗi, da sauƙi ƙwarai a kan farashin Dawanau. Magariba a Gezawa, isha'i a gida.