Abin da takardar rabon aiki ta koya mini

A ƙaramin gidan likitar da nake aiki a Damagaram, ni ke raba wa ma'aikata lokuta: wa ke safe, wa ke yamma, wa zai kwana. Ba mai son wannan aikin, don duk wanda ka sa ranar sallah sai ya yi mako yana ɗaure maka fuska. Amma a jikin takardar nan da muke mannawa a bango na gane yadda ake zama da mai wani addini, fiye da duk wani taron ƙara wa juna sani da aka taɓa tura ni.

Mu Musulmi a garin nan ba mu san wahalar roƙon izinin ibada ba. Ranar Juma'a ma'aikatun gwamnati na tashi da ƙarfe 1 na rana, ƙaramar sallah da babba da Mauludi duk hutu ne a rubuce. Kirsimeti da Litinin ɗin Ista ma hutu ne a Nijar. Sai dai naƙuda ba ta san hutu ba, dole wani ya tsaya. Kiristocin cikinmu ba su da yawa, kuma su ke riƙe wurin idan an tafi masallacin Juma'a. Da azumi, magariba na yi za ka ga Madam ɗinmu, ɗaya daga cikin Kiristocin, ta karɓi ɗakin allura ba tare da an roƙe ta ba, tana cewa ku je ku sha ruwa. Mun saba da hakan har mun daina ganinsa alheri ne.

Inda ake gane mu shi ne safiyar Lahadi. Ranar da na fara rubuta cewa duk wanda aka tsaya masa Juma'a zai biya da Lahadi, wani saurayi cikin ma'aikatanmu ya same ni a buro, ya kira ni Majo, kamar yadda ake kiran shugaban masu jinya.

"To Majo, ita Madam ba za ta iya yin addu'arta a gida ba?"

Na ce, "Ƙanena, kai ma sai ka yi azahar ɗinka nan bayan ɗakin magani, ka bar Juma'a."

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya, ya karɓi Lahadin. Ba mugun yaro ba ne. Wanda ke cikin masu rinjaye yakan ɗauka ibadarsa ce ibada, ta wani kuwa sha'awa ce da za a iya ɗagawa. Garinmu da ya ga 16 ga Janairun 2015, ranar da fushin zanen Annabi da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ya ƙare a kan coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, har wasu Kiristoci suka fake a barikin soja, bai kamata ya raina irin wannan tunanin ba. Waɗanda aka ƙona wa wurin ibada maƙwabtanmu ne, ba su suka yi zanen a Paris ba.

Maganar tufafi ta fi cin lokaci. Ƴan matan da ke zuwa koyon aiki da yawansu da dogon hijabi suke zuwa, har gwiwa ko ƙasa. Na ga yarinya ta sunkuya tana wanke gyambo, bakin hijabin ya shiga cikin tasar auduga mai jini, ta miƙe ba ta sani ba ta nufi gadon jariri da shi. A nan ba batun addini ake ba, batun cuta ne. Wani babba da ya yi karatu a waje ya so a hana hijabin gaba ɗaya, yana kawo misalin Faransa, wadda ta hana alamun addini a makarantun gwamnati a 2004, ta kuma hana rufe fuska a bainar jama'a a 2010. Wannan tarihinsu ne da rigimarsu da coci, ba namu ba. Da mun bi shi, da mun kori rabin ungozomominmu, matan unguwannin Birni da Garin Malam kuma su koma haihuwa a gida.

Tela ne a Kasuwar Dole ya raba gardamar. Ya ɗinka ƙaramin farin hijabi mai rufe kai da wuya da ƙirji, ana cusa bakinsa cikin farar rigar aiki, a wanke shi kullum. Hannun riga kuwa a naɗe shi zuwa gwiwar hannu kafin a taɓa mara lafiya. Ban sha gardama a nan ba, tunda alwala ma can take kaiwa. Babban hijabin yana rataye a ƙusa, an tashi ta ɗauki abinta.

Niƙabi ne ban yarda da shi a bakin aiki ba, kuma ina faɗin dalilina a fili. A Diffa an hana shi a 2015 saboda ƴan ƙunar baƙin waken Boko Haram. Namu dalilin ya fi wannan sauƙi. Tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi bakinka take kallo kafin ta gane sau nawa za ta sha magani. Wadda ta ce ba ta iyawa, mun mai da ita ɓangaren mata zalla, inda take buɗe fuska da kanta.

Abin da har yanzu ke ba ni aiki shi ne ɗaya ɓangaren. Madam kallabi kawai take ɗaurawa, haka ma wata Musulma a cikinmu, kuma akwai majinyatan da ke jefa musu magana. Kwanaki wani dattijo ya ƙi Madam ta auna shi, wai a kira masa mai sutura. Na fito na durƙusa na ce, "Baba, ita ce ta fi mu iya neman jijiya, in ni na yi sai na soke ka sau uku." Ya yi shiru yana jan carbi, can ya miƙa mata hannu, fuska a gefe.