Daga Ƙofar Mata zuwa Challawa: bin sawun farin yadi

Da hantsi na isa marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Ramukan da ke aiki ƙalilan ne, sauran ƙasa ta cike su. Wani dattijo na tsoma yadi yana ɗagowa. Yakan fito kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Haɗin ruwan rinin dai baba ne da toka da katsi, wato ƙonanniyar lakar gindin ramin rini, a bar shi makonni a rami har ya nuna.

Na tambaye shi, "Baba, farin yadin nan saƙar ina ce?" Ya ce daga kasuwar Kantin Kwari aka sayo, Kwari kuma daga waje take kawowa. Abin da ya fi damuna ke nan, domin ga auduga a Funtua da Malumfashi, tafiyar 'yan sa'o'i.

A gona matsalar take somawa. Iri ya gauraya, silin audugar gajere ne, zare ya riƙa tsinkewa a inji. Manomi kuma a buhun leda yake ɗura audugarsa. Zaren buhun ya shige ciki, injin gurza ba ya iya tsince shi, kuma ba ya kama rini. Sai an gama yadi a ga fararen layuka, mai saye ya mayar da kayan.

A Kantin Kwari da ƙyar na kutsa tsakanin 'yan dako. Atamfa turmi-turmi, yadi shida kowanne, yawanci daga Sin, wasu ta Kwatano da Maraɗi suka biyo. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati, a watan Agusta aka rufe iyakoki har Disambar 2020, amma rumfuna ba su rasa kaya ba, farashi ne ya hau. Ambaliyar 2022 ta jiƙa diloli masu yawa, saboda gine-gine sun toshe magudanan ruwa.

Da la'asar na hau adaidaita zuwa Sharaɗa, na zarce Challawa, unguwannin masana'antu. Masaƙu da dama a garƙame, ciyawa ta cinye harabarsu. Injin kaɗi yana son wuta ba yankewa. In aka ɗauke ana tsakar aiki, zare ya tsinke a ɗaruruwan mazarai, a ɓata lokaci ana ƙullawa. Tukunyar tururi na shan baƙin mai, janareta na shan dizal, duk a kan kuɗin yadi suke sauka.

A hanyar dawowa na bi ta wata unguwar masu rinin shadda na zamani. Da sodar kostik da hodar sinadari suke aiki, wasu ko safar hannu babu. In sun gama sai su tuntsurar da baho a kwata, ruwan ya gangara ja da kore ta ƙofar gidajen mutane, ga rijiyoyi a kusa.